Hannayen da Ke Cikin Hoton Zanele Muholi

Na san wasunku da zarar sun ga kalmar maɗigo a rubutu sai su tsuke fuska su wuce gaba. Don Allah a ɗan dakata mini. Ba fatawa na zo bayarwa ba, ba ni da iliminta, kuma malamai ba su ƙare ba. Ni nas ce. Na haura shekara 20 ina wanke ciwon mutane, rabi a gida rabi a nan Ingila, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi halin mutum kafin in tsayar masa da jini ba. Maganar fyaɗe ce ta kawo ni, irin wanda ake yi wa mace saboda an ce 'yar maɗigo ce, da sunan wai za a gyara ta.

Baje kolin hotuna ne ya tayar mini da maganar. Wajen watan Oktoba na 2024 na samu hutun kwana biyu bayan aikin dare, sai na ja wata ƙawata, wadda nake kira Yaya saboda ta girme ni, muka shiga Landan. Na ce mata za mu je Tate Modern, tsohuwar tashar wutar lantarkin nan da ke bakin kogin Tems wadda aka mayar gidan nuna zane da hotuna. Ban gaya mata irin hotunan da za mu gani ba. Wannan laifina ne, kuma ta rama a kan hanya.

Mai hotunan ita ce Zanele Muholi, 'yar Afirka ta Kudu, an haife ta a Umlazi kusa da Durban a 1972. A Turanci ba ta son a kira ta da lamirin mace ko na namiji, amma Hausa ba ta bar mini tsakiya ba, sai a yi mini uzuri. Ba ta yarda a ce mata mai ɗaukar hoto kawai, tana kiran kanta mai fafutuka da kyamara, mutanen da take ɗauka kuma takan kira su abokan aiki. An fara buɗe wannan baje koli a Nuwamban 2020, korona ta rufe shi, sannan aka dawo da shi daga Yunin 2024 zuwa Janairun 2025.

Sai an san ƙasar kafin a gane hotunan. A takarda, babu ƙasar Afirka da ta kai Afirka ta Kudu ba irin waɗannan mata kariya. Kundin tsarin mulkinta na 1996 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda jinsin wanda yake so, kuma tun 2006 doka ta yarda da auren jinsi ɗaya. Amma a unguwannin baƙar fata da mulkin wariyar launin fata ya bari a gefen birane, su Soweto da KwaThema da Khayelitsha, takardar ba ta raka mace zuwa gida da daddare. A can ne aka yi ta samun maza, sau da yawa maƙwabta ko waɗanda suka san yarinyar tun tana ƙarama, suna tare ta su yi mata fyaɗe suna gaya mata za su nuna mata cewa ita mace ce.

Hoton da ya tsayar da ni yana cikin aikinta na farko, jerin da ta sa wa suna Only Half the Picture. Sunansa Aftermath, wato bayan abin ya faru, an ɗauke shi a 2004. Baƙi da fari ne. Babu fuska. Jikin mutum ne daga ƙugu zuwa gwiwa, sanye da kamfai, hannaye biyu a haɗe a gaba suna kare al'aura, sai wani dogon tabo mai kauri a cinya.

Na tsaya ina kallon masu kallo, kusan kowa tabon yake bi da ido. Ni ma shi na fara gani. Amma idon nas ba ya ɓata a kan tabo: wannan ya riga ya warke, ba na jiya ba ne, ba na shekaranjiya ba. Tsohon labari ne. Sabon ciwon ba ya cikin abin da kyamara za ta iya nunawa, sai dai ka karanta shi a hannayen. Na san hannayen nan. Na gan su a kan gadon gwaji, na gan su a kujerar jira da ƙarfe uku na dare. Mace ta zauna ta haɗa su haka, ba ta ma san ta yi ba, kina yi mata magana tana amsawa da ladabi, hannayen ba su motsa ba.

A nan ne na sallama wa Muholi. Da wani ne, da ya nemo mana jini da kumburi don mu yarda. Ita ta ba mu tabon da idonmu ke nema, sannan ta bar mu mu gane da kanmu cewa ba shi ne shaidar ba. Wannan kuwa shi ne darasin da na fi shan wahalar koya wa mutanenmu. Da yawa daga matan da aka yi wa fyaɗe, idan aka duba su ba a ganin wani rauni a jikinsu. Da yawa ba su yi ihu ba, ba su yi kokawa ba, saboda idan tsoro ya kai maƙura jiki yakan sandare, murya ta ɗauke. Ba yarda ba ce, haka aka halicci jikin ɗan'adam. Amma mu tambayarmu ta farko ita ce, "To ina ciwon? Me ya hana ta ihu?" Idan kuma aka ce yarinyar dama ana zargin ta da bin mata, ko wannan tambayar ma ba ta samu. Sai dai a ce, "Allah ya sa sanadin shiriyarta ke nan."

Akwai wani hoton a jerin da ke nuna hannun wata da aka kwantar, da ɗan zoben robar nan na asibiti a wuyan hannunta. Na ɗaura wa mutane irin wannan roba sau ba adadi. Ban taɓa tsayawa na ga yadda take kama da ankwa ba sai ranar.

Daga nan aka shiga babban ɗakin Faces and Phases, aikin da ta fara a 2006 kuma har yanzu ba ta rufe shi ba, hotuna sun haura 500. Fuskoki ne jere a bango daga sama har ƙasa, duk baƙi da fari, kowacce tana kallon ka ido cikin ido. Wata da hula, wata da kwat, wata da askin kwal-kwabo, wata da 'yan kunne. Babu mai kuka, babu mai neman tausayi. An bar wasu gurabe babu hoto a tsakanin layukan, kuma an ware bango guda don waɗanda suka rasu. Wadda aka fara ɗauka a jerin ita ce Busi Sigasa, marubuciyar waƙa wadda ta fito fili ta faɗi cewa an yi mata irin wannan fyaɗe kuma ta kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau ta dalilinsa. Ta rasu a 2007 tana da shekara 25, ba a cika shekara da ɗaukar hoton ba.

Yaya ta daɗe a ɗakin nan fiye da yadda na zata. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wannan ai kamar 'yar gidan wance." Shi ne kuma abin da ɗakin yake yi wa mutum. Kalmar maɗigo a bakinmu ba ta da fuska, abin tsokana ce ko abin tsinuwa. Idan aka jera maka fuskoki ɗari suna kallon ka, dole wata ta yi maka kama da wadda ka sani.

Amma da muka iso hotunan masoya, mata biyu a rungume, wasu ba kaya sosai, sai Yaya ta ja mayafinta ta ce, "Haba, abin da kika kawo ni gani ke nan?" Ta fita ta jira ni a waje. Ban ga laifinta ba, ni ma da kunyata aka raine ni, kuma ban daɗe a wurin ba. Sai dai ta tuna mini da wata minista. A 2009, Lulu Xingwana, ministar al'adu ta Afirka ta Kudu a lokacin, ta fice daga wani baje koli a Johannesburg da ke ɗauke da hotunan Muholi, ta ce rashin ɗa'a ne. Yaya mai kallo ce, tana da 'yancin ta kau da kai. Ita kuwa minista tana riƙe da kujerar gwamnati ne a ƙasar da shekara ɗaya kafin nan aka tsinci gawar Eudy Simelane.

Eudy 'yar ƙwallo ce, ta buga wa Banyana Banyana, ƙungiyar mata ta ƙasar. Ba ta ɓoye yadda take rayuwa ba a unguwarsu ta KwaThema. A Afrilun 2008, tana da shekara 31, wasu maza suka yi mata fyaɗen taron dangi, suka caccaka mata wuƙa, suka yar da ita a wani rafi. An yanke wa ɗaya shekara 32, ɗaya ɗaurin rai da rai, an sallami biyu. Kotu ba ta ɗauki kasancewarta 'yar maɗigo a matsayin dalilin kisan ba. Sai a shari'ar Zoliswa Nkonyana aka samu hakan. Yarinya ce 'yar shekara 19 da gungun samari suka kashe a Khayelitsha a 2006. An ɗage shari'ar fiye da sau 40, sai a 2012 aka yanke wa mutum huɗu shekara 18 kowanne, kuma kotu ta faɗa a fili cewa ƙiyayya ce ta sa aka kashe ta. Shekara shida uwa tana zaryar kotu. A 2012 ɗin kuma aka fasa gidan Muholi a Cape Town aka kwashe na'urorin ajiyar hotunanta fiye da 20, aikin shekaru, har da hotunan jana'izar wasu daga cikin matan.

To, ga inda nake da ja da baje kolin. Hotunan da aka yi talla da su, waɗanda mutane suka fi cincirindo a gabansu da wayoyi, su ne na Somnyama Ngonyama, inda Muholi ta ɗauki kanta da kanta, ta ƙara wa fatarta baƙi, ta yi ado da soson ƙarfe na wanke tukunya da maƙalan shanya da safar hannu ta roba, tana tunawa da mahaifiyarta da ta yi aikatau a gidan Turawa. Suna da kyau, wallahi suna da kyau, har su ɗauke maka numfashi. Amma kyan nasu yana ba mai kallo hanyar tsira. Ka wuce ɗakin ciwo da sauri, ka zo nan ka huta, ka fita da hoton da za ka ɗora a Instagram. Ga bango fari tas, ga shiru, ga shagon shayi a sama. Bature ya fita yana girgiza kai yana cewa Afirka sai a hankali. Ni da Yaya mu fita muna cewa Afirka ta Kudu sai a hankali, mu dai Allah ya rufa mana asiri. Kowa ya samu wanda zai jingina wa abin.

Abu na biyu, mazan ba sa nan. Na gane dalili, ba don su aka yi aikin ba, kuma ba a ba azzalumi bango a rataya hotonsa. Amma mai kallon da bai san komai ba zai iya fita yana zaton wasu dodanni ne ke fitowa daga duhu. Alhali ɗan maƙwabta ne, abokin yayanta ne, wani lokaci da sanin iyaye. Kalmar da 'yan jarida suka yayata ma, wai fyaɗen gyara, tana ɗauke da ƙaryar mai laifin a cikinta, kamar akwai wani abu da ya karye wanda ya zo ɗorawa. Hukumar UNAIDS ta ba da shawara tun 2015 a daina amfani da ita. Na yi murna da jin haka, sai kuma na tuna cewa mu a Hausa ba mu ma buƙatar fassara ta. Muna da tamu. "A yi mata aure ta dawo hanya." "Namiji ne bai taɓa ta ba." "Idan ta ɗanɗana za ta daina."

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma ba laifin Muholi ba ne. Makaminta fuska ce: fito, tsaya, kalli kyamara, a rubuta sunanki. Matan da ta ɗauka suna da ƙungiyoyi, suna da tsarin mulkin da ko bai hana a kashe su ba ya ba su damar shiga kotu. 'Yarmu ba ta da wannan. A Nijeriya dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya, kuma dokokin shari'a na jihohin arewa suna hukunta maɗigo. Ka ɗauki ra'ayin da ka ga dama a kan dokokin, amma ka duba abin da suke nufi ga wadda aka yi wa fyaɗe: idan ta je wurin 'yan sanda ta faɗi dalilin da mutumin ya ba ta, ta kai ƙarar kanta. Shi ma ya san haka, shi ya sa ya zaɓe ta. A nan ƙasashen waje kuwa, inda doka ba ta bin ta, mu ne muke bin ta. Garinmu ƙarami ne ko da a Landan ne ko Jidda ko Kumasi. Magana ɗaya a WhatsApp ta isa Kano kafin la'asar. Babu wadda za ta tsaya gaban kyamara. Idan aka yi bangonmu, gurabe ne kawai za a gani.

Bari in faɗi nawa, na canja abin da zai sa a gane ta. Shekarun baya, a wani asibitin da na yi aiki, an kawo wata yarinya cikin dare da ciwon mara, tare da wata babbar mace da ta ce gwaggonta ce. Da suka ji ina Hausa sai fuskar gwaggon ta washe, muka gaisa, aka tambayi mutanen gida. Amarya ce, in ji ta, wata biyu da biki, kin san sabon shiga. Muka yi 'yar dariya irin ta manya. Ƙa'idar aikinmu ita ce a samu ko minti biyu a ga mara lafiya ita kaɗai a tambaye ta ko lafiya take a gida. Na san ƙa'idar, na koya wa ɗalibai ita. Amma na ji nauyin in ce wa babbar mace mai jin yarena ta fita waje. Sai na yi tambayar a gabanta. Yarinyar ta ce lafiya lau. Hannayenta suna haɗe a kan cinyarta.

Bayan watanni ta dawo ita kaɗai, wata abokiyar aikina Baturiya ce ta gan ta, ta rufe ƙofa ta tambaye ta. An ga saƙonni ne a wayarta tsakaninta da wata yarinya. Cikin 'yan makonni aka haɗa ta da wani ɗan'uwa, aka gaya masa matsalar, aka ce ya yi maganinta. Shi kuwa ya ɗauka aikin lada yake yi, kullum dare, tana kuka yana cewa taimakon ta yake. Ba a yi wannan a lungu ba. An yi shi da goro da alawa da ɗinkin anko, kuma na tabbata duk wanda ya ci shinkafar bikin zai rantse bai taɓa sanin wadda aka yi wa fyaɗe ba. Yaren da ya kamata ya zama gada tsakanina da ita shi ne ya rufe mini baki. Muna cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ranar dai ban nuna ba.

Ga wanda yake Ingila ya sani: tun hukuncin 1991 doka ba ta ɗauki aure a matsayin izinin tilasta wa mace ba, miji zai iya zuwa kurkuku a kan fyaɗe. Auren dole kuma laifi ne a Ingila da Wales tun 2014, har ga iyayen da suka shirya shi. Ban kuma taɓa jin malamin kirki da ya ce ana gyara zunubi da zalunci ba. Uwar da ta ga abin da ya tayar mata da hankali a wayar 'yarta, na san tsoronta na gaske ne, tsoron Allah da tsoron bakin duniya a haɗe. Amma duk abin da za ta yi da wannan tsoro, kada ta miƙa jikin 'yarta ga namiji ta ce masa magani ne. Abin da nake gani a asibiti bayan irin wannan magani shi ne rashin barci, firgita, ciwon mara da ba a gano dalilinsa, cikin da ba a so, da yarinyar da ta haɗiye ƙwayoyi.

Tunda wayar da kai ake magana, ga abin da ya kamata kowace mace ta riƙe, a kowace ƙasa take, ko wace ce aka yi wa. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki bayan fyaɗe, amma sai an fara shi cikin awa 72, kuma gara a rana ta farko, ana shan sa kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har kwana uku ko biyar, ya danganta da irinsa. Akwai allurar rigakafin ciwon hanta. Idan tana son a ɗauki shaida daga jikinta, ana iya yi har wajen kwana bakwai, ya fi kyau kafin ta yi wanka, kayan da ke jikinta kuma a adana su kada a wanke. In ta riga ta yi wankan, ta je duk da haka. A Ingila akwai cibiyoyin da ake kira SARC, kyauta ne, mace za ta iya zuwa da kanta ba sai ta bi ta hannun 'yan sanda ba, za su iya ajiye shaidar har ta yanke shawara. Babu wanda zai kira gidansu. Idan kuma ke ce ta fara gaya wa, kada ki tambaye ta abin da ta yi har aka yi mata haka. Ki tambaye ta yaushe ne, ki ƙirga awannin.

A jirgin ƙasa muna komawa Yaya ba ta kula ni ba har muka wuce tasha uku. Ina ta zuba ni kaɗai, har na kai kan maganar magungunan nan, don na rasa abin cewa. Tana kallon taga. Can sai ta juyo ta ce, "Awa nawa kika ce?" Na ce 72. Ta ciro wayarta ta rubuta, ta sa na maimaita mata sunan cibiyar harafi bayan harafi. Ban tambaye ta don wa ba, ita ma ba ta faɗa ba.